DARASI: YARO DA SANA'AR KABA. WA KE DA JARI, WA KE DA RIBA?

 Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, hannu ya samu sarari. Darasinmu na wannan karo a kan yaranmu yake, da sana'ar hannu, da lissafin kuɗi. Mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, saura su bi da yatsa. In an kai wurin lissafi, kowa ya ɗauko allonsa.

A kowane gari akwai yaro ko yarinya mai hannu. Yarinya ƴar shekara 9 ko 10 tana zaune kusa da kakarta, tana kallon ɗinkin faifai. Ba a daɗe ba sai ta ɗauki ragowar kaba ta soma nata. Yaro kuma yana bin baffansa rijiya, yana ganin yadda ake tufka. Wata rana sai maƙwabci ya ga abin da yaron ya yi, ya ce: «Nawa ne?» To, daga ran nan sana'a ta soma.

Amma sau da yawa sana'ar ba ta kai wata biyu. Me ke kashe ta? Wasu su ce lalacin yaran zamani. Ba haka ba ne. Gida ne ke cinye ta. Kuɗin faifan farko an sayi gishiri. Na biyu an sayi ashana. Na uku gwaggo ta ɗauka, ta ce sai ran kasuwa. Ran da kaba ta ƙare, babu ko dala ta sayen wata. Yarinya ta duba hannunta, duk ƙaya ta yayyage shi, aljihu kuma wayam. Wa zai ci gaba da aiki haka?

KABA BA BAƘUWA BA CE A DAMARGU

Kowa ya san goriba. Tana ƙarama, tana ƙasa ƙasa cikin gona, kaba muke ce mata. In ta samu rai ta tashi ta yi icce mai rassa, ta ba da ƴaƴa, ita ce goriba. Uwa ɗaya ce. Tana son kwari da fadama, inda ruwa ba ya da nisa ƙwarai. Shi ya sa ake samun ta cikin kwarin Tarka, wanda ya taso daga wajenmu ya bi ta ƙasar Dakwaro har ya kai Madawa. A kudu da mu kuma akwai Gulbin Kaba, wajen Tasawa da Mayahi. Ku ji sunan ma: kaba ce ta ba gulbin suna.

Tun zamanin kakanni Damargu rumbu ce. Ayarin Abzinawa, musamman Kel Ewe, na sauko da gishirin Bilma da dabino, su koma da hatsinmu. A farkon shekarar 1851 wani Bature ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya shigo Damargu tare da ayarin gishiri a kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano. Ku tuna, ayari ba ya tafiya ba igiya. Da me ake ɗaure kantun gishiri a bayan raƙumi? Da me ake naɗe shi kada ya farfashe? Aikin kaba ne. Ke nan mai tufka da mai saƙa suna da rabo cikin tsohon arzikin ƙasar nan, ko da ba a faɗin sunansu.

Yau ƙasa ta sake. Belbeji, babban garin komin ɗin Tarka, ya zama gunduma mai zaman kansa a 2011, bayan da can yana ƙarƙashin Tanut. Motoci sun karɓe aikin raƙuma da yawa. Tabarmar roba da igiyar roba sun cika kasuwa. Wani zai ce: to, mene ne amfanin koya wa yaro sana'ar da roba ta kashe?

Roba ba ta kashe ta ba. Ku shiga kasuwar Belbeji, ko ta Tanut, ko ta Bakin Birji, ku duba. Makiyayi na neman dabaibayi da talala kullum. Rijiyoyinmu masu zurfi ne, igiya na ci. Ba matar da za ta yi bakace ba faifai. Ba mai nonon da za ta bar ƙwaryarta a buɗe. Amarya ba ta tarewa ba faya-fayai masu ado. Kuma wanda ya taɓa zama kan tabarmar roba da ta kwana rana ya san dalilin da ya sa tsofaffi ke riƙe da ta kaba.

ABIN DA YA DACE DA HANNUN YARO

Kada a soma da babban abu. Tabarma aiki ce mai tsawo. Sai an saƙa dogon layi, sannan a harhaɗa shi, a yi baki. Yarinya ƙarama za ta gaji tun ba ta ga ƙarshe ba. A soma da abin da ke ƙarewa cikin kwana biyu ko uku: ƙaramin faifai na rufe ƙwarya, mafici, tsintsiya. Yaro namiji ya soma da gajeriyar igiya ta ɗaure akuya, sannan dabaibayin jaki, sannan ragaya. Igiyar guga ta manya ce, don in ta tsinke rai na iya salwanta.

Abin da ke sa yaro ƙwazo shi ne ya ga aikinsa ya ƙare, an yaba, an saya.

Yankan kaba kuwa, babba ne zai yi, ko yaro ya tafi tare da babba. Hannun ganyen na da ƙaya mai lanƙwasa. Maciji da kunama na son gindin kaba. Bayan an yanko, a shanya ta bushe, a tsaga. Ran da za a yi aiki a yayyafa mata ruwa ko a jiƙa ta kaɗan, ta yi laushi, don busasshiya karyewa take. In za a rina, akwai karan dafi mai ba da ja, akwai kuma galura ta kasuwa. Galura ba abin wasa ba ce. A ware mata tsohuwar tukunya tata ita kaɗai, kada a sake dafa abinci a ciki. Babba ne zai tsaya wajen wuta. Yaro ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci tuwo.

Akwai yaran da ke warware zaren tsohon buhu su tufka igiya da shi. Wannan ma dabara ce mai kyau, ba a sayen komi. Lissafin da za mu yi ya shafe su su ma.

Ga wata magana da masu tufka za su gane. Igiya da gaba ake auna ta. To, gabar yaro ɗan shekara 10 da gabar dogon Bafillace ɗaya ne? Yaro ya auna a gida ya samu gaba 6. Mai saye ya buɗe hannuwansa a kasuwa ya samu gaba 4. Sai gardama, a ce yaro maƙaryaci ne. Maganin abin sanda ce. Ku je wurin tela ko wurin mushen lekol, ku auna sanda mai tsawon mita 1, wato santimita 100. Ku yi mata tsaga a tsakiya, rabin mita ke nan. Yaro ya riƙa auna igiyarsa da ita a gaban mai saye. Sanda ba ta da dogon hannu, ba ta da gajere.

JARI BASHI NE, A FAƊA WA YARO TUN FARKO

Nan ne zuciyar darasin. Taimakon iyaye iri uku ne a wajen nan: koyarwa, da jari, da tsaro. Koyarwa mun iya ta tun kaka da kakanni. Jari ne muke ɓatawa.

Jari shi ne kuɗin da aka zuba don aiki ya tashi. Wasu na ce masa uwar kuɗi. Riba ita ce abin da ya hau bayan an fid da jari. Uwa ce ke haihuwa. In an yanka uwa, daga ina ɗa zai fito?

Akwai iyayen da ke ba yaro jari kyauta, amma a ransu suna cewa: tunda ni na ba da kuɗi, duk abin da ya fito nawa ne. Wannan ba sana'ar yaro ba ce, ƙwadago ne ba lada. Abin da muke ba da shawara shi ne a ba shi rance, a faɗa masa baki da baki, a rubuta. In ya biya, sana'a ta zama tasa. Daga nan ba mai sa hannu cikin gwangwaninsa sai da izininsa, ko uwar da ta haife shi.

Ga yadda zancen zai iya kasancewa tsakanin uwa da ɗiya:

«Zo nan. Kin ga wannan dala 100? Ba kyauta ba ce. Rance ne na ba ki.»

«Inna, in ban sayar ba fa?»

«Za ki sayar. Kowace kasuwa ki ba ni dala 20. Kasuwa biyar kin fita. Abin da ya rage naki ne.»

«Ko Baba ba zai karɓa ba?»

«Babanki ne shaida. Ga shi nan zai rubuta.»

Ku lura, uba ya shiga maganar tun farko. In ba a sa shi ba, ran da ya rasa kuɗin goro gwangwanin yarinya zai tuna.

Ina uwa za ta samu dala 100 ɗin? Mata sun fi mu sanin amsa. Akwai adashi. Akwai kuma ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka soma a jahar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE. Mata na taruwa kowane mako, kowa ta zuba abin da aka yanke cikin akwati, mai bukata ta ranta, ta mayar da ɗan ƙari, ƙarshen zango a raba. Wannan dabara daga ƙasarmu ta fita, yau ana yin ta a ƙasashe da yawa na Afirka har da Asiya. Abin da ya riƙe ta abu biyu ne: kowa ta san abin da ta zuba, kuma akwati ba ya buɗuwa sai a gaban jama'a. Haka za mu yi wa yaro a cikin gida.

MU YI LISSAFI

Kuɗin da za mu sa a nan na misali ne, don koyo. Farashi na sakewa daga kasuwa zuwa kasuwa, daga kaka zuwa bazara. Ku goge namu ku sa na garinku.

A ce uwa ta ranta wa ɗiyarta dala 100. An sayi damin kaba dala 60, galura dala 20, basilla dala 20. Ku tara: 60 da 20 da 20. An samu 100. Jari ya ƙare daidai.

Yarinya ta ɗinka faifai 5 da wannan kaba. An sayar da kowane dala 40. Ku ninka: 40 sau 5. An samu dala 200.

Yanzu ku tsaya. Nawa ne ribarta? Da yawa za su ce 200. Wannan amsa ita ce ke rusa sana'a. Dala 200 ciniki ne, ba riba ba. Sai an ware kuɗin sabuwar kaba da galura, dala 80. Basilla ba a sake saye, tana nan. An rage 120. A ba Inna dala 20 na rance. An rage 100. To, wannan dala 100 ita ce yarinya za ta kira tata.

Ku nemi gwangwani uku, ko ƙullin tsumma uku masu launi daban. Na farko na kaba. Na biyu na bashi. Na uku na riba. Da an dawo kasuwa, tun ba a cire takalmi ba, a zauna a raba. Gwangwanin kaba shi ake fara cikawa. Ko baƙo ya sauka, ko mai ya ƙare, ba a taɓa shi.

Wani zai ce: Malam, kai ba ka san rani ba. In yunwa ta shigo gida, za a bar kuɗi cikin gwangwani yara na kuka? Mun sani. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 suna nan da rai cikinmu, kuma ko bayansu an sha shekaru masu wuya. Ba wanda zai hana gida ci. Amma in larura ta sa aka taɓa kuɗin yaro, a tambaye shi, a rubuta, a biya in an samu sarari. Babba ya ranci kuɗin yaro ya biya, ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne yaro ya koyi cewa a gidansu ba a biyan bashi.

DALA A BAKI, TAMMA A JIKIN KUƊI

Ga wani wurin da sababbin masu karatu ke tuntuɓe. Da baki muna ƙirga da dala. Amma lambar da ke jikin kuɗi ba dala ba ce, tamma ce ta sefa. Dala 1 tamma 5 ce. Ƙwandalar da aka rubuta wa 25, dala 5 ce. Mai 50, dala 10. Mai 100, dala 20. Mai 500, dala 100. Takarda mai 1000 ita ce jika, dala 200.

In kana da dala kana son lambar jikin kuɗi, ninka sau 5. In kana da lambar jikin kuɗi kana son dala, raba gida 5.

Me ya sa muka kawo wannan? Yaron lekol da tamma yake lissafi, haka mushe ya koya masa. Uwa da dala take yi. Yarinya ta rubuta 100, tana nufin ƙwandala ɗaya. Uwa ta karanta 100, tana nufin dala ɗari. Sai rigima ta tashi a kan kuɗin da ba su ɓace ba. Don haka ku zaɓi ɗaya tun ranar farko, ku rubuta a saman shafi da manyan baƙaƙe: DALA. Ko kuwa: TAMMA. Kada a gauraya.

KAYE DA BIK

Kaye guda mai arha ya isa. Ku ja layi uku daga sama zuwa ƙasa, shafi ya rabu gida huɗu. Gidan farko: rana. Na biyu: abin da ya faru. Na uku: kuɗin da ya shigo. Na huɗu: kuɗin da ya fita. Misali, a rubuta ranar kasuwa, sannan «faifai 2», sannan 80 a gidan shiga. Layi na gaba, «kaba», 60 a gidan fita.

Wa zai rubuta? In yaro yana lekol, shi ya rubuta, ku ku duba. In bai iya ba tukuna, ku rubuta yana kallo, ya riƙa ja muku layi. A nan ne karatun da kuke yi da yamma zai nuna amfaninsa a cikin gida. Da can in an ce «ka biya», wani ya ce «ban karɓa ba», sai rantsuwa. Yanzu sai a buɗe kaye.

Shafin ƙarshe na kaye a bar wa masu bashi. Kuma ku shirya, dangi ne za su cika shi. Baƙo ba ya cin bashin yaro, don ba ya da fuska. Gwaggo da kawu da matar wa su ne ke cewa: «Kai, ɗiyata ta iya aiki! Kawo in gani.» Faifai ya tafi ke nan. Yarinya ba ta iya bin gwaggonta bashi, tarbiyya ta hana. Uwa ma na jin nauyin dangin miji. To, kaka ce maganin wannan. Tsohuwa ba ta jin nauyin kowa, kuma tsakaninta da jika akwai wasa. A ba ta aikin karɓar bashi, za ku sha mamaki. Wanda ke son kyauta kuma, yarinya ce za ta ba shi da hannunta, da son ranta, a rubuta «kyauta».

RIBA TA TAFI INA?

Yaro yaro ne. A bar masa ɗan abin da zai sayi alewa ko ƙuli-ƙuli, kada a yi masa faɗa. Wanda bai taɓa ɗanɗana guminsa ba ba zai so aiki ba. Saura a tara. Farko kaye da bik da sabulu da takalmi. In ta ƙaru, a sayi kaza. Kaza ta yi ƴaƴa, a sayar a haɗa a sayi ƴar akuya. Wannan hanya kowa ya san ta, kuma Fulani da habbanaye sun riga mu gane cewa dabba guda na tada mutum. Sai dai ku tuna da ciwon kaji na lokacin sanyi, mai share gari cikin mako ɗaya. Akwai allurarsa. Ku tambayi ma'aikacin kiwo tun kafin hunturu.

Akuyar kuma ta yaro ce. A faɗa a gaban mutane.

SANA'A BA TA KORE LEKOL

Nan za mu yi magana ba kwana-kwana. Akwai haɗari cikin abin da muke koyarwa. Ran da iyaye suka ga yarinya na kawo kuɗi, wasu za su ce: lekol na me? Su zaunar da ita tana ɗinki daga safe har yamma, ko su ɗora mata kaya ta yi ta yawon talla. In haka ta faru, gara ba a soma ba.

Dokar aiki ta ƙasarmu ta 2012 ta hana a ɗauki yaro aiki a ma'aikata, ko da koyon sana'a ne, kafin ya kai shekara 14. A watan Disamba 2017 kuma gwamnati ta fitar da doka ta kare karatun ɗiya mace har ta kai shekara 16. Aikin hannu na cikin gida, wanda yaro ke yi kusa da uwarsa, daban yake da aikin ma'aikata. Amma ku gane nufin dokar: ƙuruciya lokacin karatu ce da girma. Awa ɗaya bayan an taso lekol ta isa. Ranakun da ba lekol a ƙara kaɗan. Kada a yi ɗinki da dare a hasken tocila, ido na lalacewa. In yaro ya ce ya gaji, ya gaji. In mushe ya ce karatunsa ya ja baya, a ajiye kaba sai hutu.

Saye da sayarwa kuma aikin manya ne, shi ne tsaron da muka ambata. In ranar kasuwa ta faɗa ranar lekol, uwa ko kaka ko wa ya tafi da kayan, ya dawo da kuɗi cif, ya ba da labarin yadda aka yi ciniki. In ba lekol, yaro ya bi babba ya koyi taya da sallama. Amma yarinya ita kaɗai a tasha, ko gida gida bayan magariba, a'a. Kowa ya san abin da ke faruwa, ba sai mun rubuta a jarida ba.

Me ya sa gwamnati da malamai ke damuwa da ƙaramin abu kamar faifan yarinya? Ku dubi babbar hanyar da ta taso daga Damagaram ta ratsa Tanut ta nufi Agadas. Mun ga abin da ke wucewa a kanta. A watan Oktoba 2013 an tsinci gawar mutum 92 cikin hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Fiye da rabinsu yara ne, mafi yawa kuma daga kudancin jaharmu suka fito. Talauci ne ya tura su. Faifai ba zai kawar da talauci ba, ba mu ce haka ba. Amma yaron da ke da karatu, da sana'a, da akuya ɗaure a turke, ba shi ne na farkon da za a ɗora wa mota a kai bara ba.

KADA KABA TA ƘARE

Sana'ar duk tana tsaye kan icce ɗaya. Masu saƙa sun fi son sabon ganye, na tsakiya, wanda bai gama buɗewa ba, don shi ne mai laushi da fari. To, in kullum ana yanke sabon ganye, kaba ba ta tashi. Tana nan ƙasa shekara da shekaru, ba ta zama goriba. Ba ƴaƴa, ba ƙodago, ba sabon tsiro. Haka ya faru a wurare da yawa na Gulbin Kaba: manyan goriba sun ragu, sai kututture da gajerun kaba. Tsofaffin ƙasarmu ma ku tambaye su yadda kwari yake da can.

Goriba na cikin itatuwan da dokar daji ta kare. Ba a sare ta sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Amma doka ba ta iya tsayawa gindin kowace kaba. Mai gona ne zai tsaya. Manoman jahar Maraɗi tun shekarun 1980 suka kama abin da ake kira sassaben zamani: in ana sharar gona ba a ƙone kowane tsiro, ana zaɓen masu ƙarfi a gyara su a bar su su girma. Haka za a yi wa kaba. A kowane gindi a zaɓi ɗaya ko biyu masu ƙarfi, a ɗaura musu tsumma don kowa ya gani, kada wuƙa ta taɓa su. A yanki ganye daga sauran, kuma kada a kwashe duka a rana ɗaya. Wannan aikin ɗaura tsumma yaro ne ya kamata ya yi shi da hannunsa, don shi ne zai ci goribar.

Kabar gonar wani kuwa tana da mai ita. A nemi izini. Faɗa da yawa da ke kai wa gaban mai gari daga damin kaba ɗaya suke tasowa.

AIKIN AJI

Malamin aji ya rubuta wannan a allo, kowa ya yi shi kaɗai, sannan a gwada amsa. Uba ya ranta wa ɗansa dala 50, an sayi kaba da su duka. Yaro ya tufka igiya mita 30. An sayar da kowace mita dala 4. Nawa ne ciniki? In an ware dala 50 na sabuwar kaba, an ba uba dala 10, nawa ya shiga gwangwanin riba? Kasuwa nawa za a yi kafin bashi ya ƙare? A ƙarshe ku juya cinikin zuwa tamma.

Wanda ya gama da wuri ya ƙara da wannan: cikin mita 30 ɗin, kawu ya ɗauki mita 10 bai biya ba. Nawa ya rage a gwangwanin riba ran nan?

Sannan ku ja gida huɗu a allonku, ku shigar da lissafin kamar cikin kaye. Mako mai zuwa kowa ya zo da farashin damin kaba, da na faifai, da na igiya a kasuwar da ya fi ci. Aji ya zaɓi mutum ɗaya mai kyan rubutu ya haɗa su a takarda, a ba malami ya aiko wa jarida. A sa sunan gari, da ranar da aka ci kasuwar, da ko dala ce ko tamma.